Me ke fasa bindiga a hannun mai ita?

Wani matashi daga Garin Malam ya aiko mini da tambaya, ga ta a taƙaice: "Baba, a farautar bara can wajen Miriya adakar wana ta fashe a hannunsa, ya rasa yatsu biyu na hagu. Ya fi shekara goma yana harbi da ita, ba ta taɓa yi masa gardama ba. A gida wasu sun ce baki ne, wasu sun ce jifa aka yi masa. Ga kuma bindigar mahaifinmu tana rataye a ɗaki tun rasuwarsa, shekara bakwai ke nan, ina so in sauko da ita in fara fita daji. Me ke fasa bindiga? Kuma ta babanmu za ta yi aiki?"

Ɗana, Allah ya ba wanka lafiya, ya jiƙan mahaifinku. Tun kafin ka ƙarasa karanta amsar nan, ka riƙe abu guda: wannan da ke rataye a ɗaki, ka ƙaddara a ɗure take. Kada ka ja kunamarta don ka ji ko tana motsi, kada ka busa bakinta, kada ka bar yaro ya kai hannu gare ta. Zan komo kanta.

Maganar baki da jifa ba fagena ba ne, malaman unguwarku sun fi ni sanin wannan. Ni maƙeri ne ɗan maƙeri, daga baya na koyi walda da aikin inji, na kuma yi farauta har ƙafa ta gaza. Abin da zan iya shaida a kai shi ne, duk bindigar da aka taɓa kawo mini a fashe, in na wanke ta na duba, sai in tarar da dalilin a rubuce jikin ƙarfen. Ban taɓa riƙe wadda ta fashe haka kawai ba. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, amma tsautsayin bindiga yakan daɗe yana sallama kafin ya shigo, mai ita ne ba ya amsawa.

Bari in fara da nawa gangancin, don kada ka ɗauka wa'azin wanda bai taɓa kuskure ba ne.

Ina da shekara goma sha shida, ina zuga a maƙerar babanmu, wani maharbi daga wajen Gidimuni ya kawo adaka, ya ce kafar wuta, wato ɗan ramin da wuta ke bi ta kai ga albarushi, ta toshe, ta ƙi tashi. Baba ya tambaye shi har sau biyu, "Babu komai cikinta?" Ya rantse ya zaro tsumma ya zazzage ta tun a ƙauye. Aka kira azahar, baba ya tashi alwala. Ni kuma da rawar kan yarinta na zare bututun daga ƙota, na tura gindinsa cikin garwashi wai tsatsa ta saki, na kama zugazugi. Ban kai zuga ashirin ba. Abin da na iya tunawa, toka cike da bakina, awartaki ya bar hannuna ban san inda ya faɗa ba, kunnena na dama yana ta kuwwa. Dalma ta keta zanan ƙofa ta fasa randar da ke tsakar gida, ruwa yana malala cikin rairayi, ga ƙanwata tsaye da moɗa a hannu, yanzun nan ta ɗebi ruwa ta matsa. Mutumin nan bai yi ƙarya ba. Ya zazzage, amma ɗuri biyu ne a ciki: ya ɗura da farko ta ƙi tashi, kwana ya ja ya manta, ya ƙara wani a kai. Na sama ya fitar, na ƙasa yana nan kwance. Da kafar wutar nan ba ta toshe ba, a fuskarsa abin zai tashi can cikin daji.

Baba bai doke ni ba, abin da ya ba kowa mamaki. Ya ɗauki sandar ɗuri ya zura cikin wani bututu har ta tsaya, ya danne da babban yatsa daidai baki, ya zaro ta ya shimfiɗa a bayan bututun. Ya ce, "In kan sanda bai kai kafar wuta ba, akwai baƙo a ciki, ko mai ita ya dafa Alƙur'ani." Kunnen nan na dama har yau sai an ɗaga murya nake ji da shi.

To, mu zo kan ta wanka. In guntayenta suna nan, kada a zubar, a kawo wa wanda ya san ƙarfe ya karanta su, domin wurin da bututu ya tsage shi ke faɗin abin da ya same shi.

In tsagar doguwa ce miƙaƙƙiya, kamar an fasa kara da wuƙa, to ɗinkin tiyo ne ya buɗe. Nan ne babbar matsalar adakar zamanin nan. Tiyon pampo fallen ƙarfe ne aka naɗe aka like da walda a tsawonsa, kana iya jin layin da yatsa daga ciki. An yi shi don ruwa. Gwajin da ake yi masa a masana'anta wajen bar 50 ne (bar ma'aunin matsi ne), ruwan da ke bi cikinsa kuwa bai fi bar uku ko huɗu ba, tayar mota ma bar biyu da ɗoriya take ɗauka. Kartush na kalibar 12 kuma (kalibar lambar faɗin bututu ce), a ƙa'idar Turai, yana iya kai bar 740 a cikin ƙiftawar ido, kuma ba a sayar da bindigar masana'anta sai an gwada ta da abin da ya zarce bar 900 an buga mata hatimi, irin wanda za ka gani a gindin bututun tsofaffin bindigogin Santetiyen na Faransa. Albarushinmu baƙi bai kai kartush zafi ba, amma shi ma ɗaruruwan bar yake yi. Ka ga ke nan tiyon pampo da ya yi shekara goma yana harbi, bashi yake ci kullum. Wasu maƙera sukan nemi ƙarfen sitiyarin tsohuwar mota don ba shi da ɗinki. Ya fi tiyo, ban musa ba, sai dai shi ma babu wanda ya gwada shi, gwajin farko a hannun mai saye ake yi.

Mutane sukan ce ai kakanninmu da irinta suka yi yaƙi. Lalle garin nan ba baƙon bindiga ba ne. Zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, a nan Damagaram ake haɗa albarushi, maƙera suna zuba igwa, har sunan dakarunsa ya kai nesa. Amma yawancin dogayen bindigogin wancan lokaci daga masana'antun Turai suke fitowa, irin su Barmingam a Ingila da Liyej a Beljiyam, fatake su shigo da su ta hamada ko ta bakin teku, maƙeranmu su gyara. Ko su ɗin masu araha ne aka yi don kasuwar Afirka, ba su rasa cin hannun masu su ba, balle tiyon da aka tono daga tsohon gini.

In kuma ka ga bututu ya kumbura kamar an sa masa zobe, a tsakiya ko kusa da baki, sannan ya dare daga nan, to wani abu ya tare hanya. Abu kaɗan ya isa. Maharbi ya yi tuntuɓe a bakin tapki, bakin bindiga ya caki laka, ya share waje da hannun riga ya ci gaba. Ko ya dogara da ita kamar sanda yana hawan tudun rairayi. Ko tsumman da ya toshe bakinta da shi don ƙura ya zurma ciki ya manta. Akwai kuma wani ɓarawo da ba a zarginsa, zanzaro. Bindigar da ta yi damina a rataye, zanzaro ba shi da gidan da ya fi bututunta, duhu, ga sanyi, babu mai damunsa. Na taɓa zaro ɗakin laka uku a jere daga bututu guda, da tsutsotsinsu a ciki, sun bushe sun yi tauri kamar tubali. Mai ita washegari zai tafi farautar zabi. In harbi ya taso da gudunsa ya ci karo da irin wannan, iskar da ke bayansa ba ta da wurin zuwa sai gefe, gefen nan kuwa daidai inda hannun hagu ke riƙe yake. Shi ya sa za ka ga masu irin raunin wanka kusan duka hagu ne.

Ɗan'uwan wannan shi ne ɗurin da bai zauna ba. In bututu ya yi datti bayan harbi uku ko huɗu, dalma da tsumma sukan cije a hanya, mutum ya buga sanda ya ji tauri ya ɗauka ya kai. Sai a bar fili tsakanin albarushi da harsashi. Wannan fili kan kumbura ƙarfe mai kyau ma. Maganinsa tsaga alama a jikin sandar ɗuri: guda ta bindiga wofi, guda ta ɗuri ɗaya da ya zauna daidai. In alama ta tsaya sama da baki, ko dai ɗuri bai kai ba, ko biyu ne. Ko wanne ne, ba a harbawa.

Wadda ta fi muni ita ce mai fashewa a gindi, kusa da fuska. Abu uku ke kawo ta. Na farko yawan albarushi. Maharbanmu da tafin hannu suke awo, suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ido ya san kimar hatsi, bai san ta albarushi ba, don na wannan mai haɗawa ya fi na wancan ƙarfi, wanda aka daka ya yi laushi ya fi mai tsakuwa saurin ci, kuma hannun mutumin da ya hangi barewa ba ɗaya yake da hannunsa a gida ba. Ba zan rubuta maka awo a nan ba, kowace bindiga da abin da za ta iya ɗauka, wanda ya ba ka lamba bai ga ƙarfenka ba ya cuce ka.

Na biyu, kuma shi ne sabon bala'in da na fi gani a shekarun nan, sauya albarushi. Yaro ya samu kartush ko harsashin soja, ya ɓare, ya juye hodar ciki a adaka, wai ta fi ƙarfi kuma ba ta hayaƙi. Wani ya kankare kan ashana kwali-kwali ya ɗura. Waɗannan ba dangin albarushi baƙi ba ne ko kaɗan. Hodar kartush in ka zuba ta a ƙasa ka kunna, ci take yi sannu kamar ba ta da faɗa, wannan ke ruɗar mutane. Amma in aka kulle ta, matsi na ƙara mata saurin ci, saurin ci na ƙara matsi, kafin dalma ta motsa ƙarfe ya riga ya buɗe. Cikin cokalin da zai zama ɗuri mai sauƙi da baƙin albarushi, da ita gurneti ne ka kanga a kumatunka. Babu awon da ya halatta ta a adaka, ko kaɗan ne, ko gauraye.

Na uku tsatsa. Tokar albarushi tana jan laima kamar gishiri. In aka yi harbi aka rataye ba a wanke ba, tsatsa na ci daga ciki, a can gindi inda ido ba ya kai, waje kuwa yana ta sheƙi da man da ake shafa masa. Ka dubi bakin karayar bindigar wanka da kyau. Inda ƙarfe ya yi fari yana ƙyalli, ranar ya karye. Inda ya yi baƙi ko ja, tsohuwar tsaga ce da ta daɗe tana tafiya. Sau da yawa nakan ga rabin kaurin ƙarfe baƙi ne, wato bindigar ta yi shekaru tana harbi da rabin ƙarfinta. Wannan ce amsar maganarka cewa ba ta taɓa yin gardama ba. Ƙarfe na gajiya kamar igiyar guga, ranar da za ta tsinke ba ta fi sauran ranaku nauyin ruwa ba. Wankin kuwa ba wuya gare shi: ruwan zafi har ya fito garau, a shanya ya bushe sarai, a bi da mai kaɗan. A ranar harbi, ba jibi ba.

Akwai kuma toshiyar gindi, wadda in ta ƙwace baya take yi, ido take nema. Duk wanda ya kawo mini bututu ya ce in ɗiga masa walda a kan tsaga ko a gindi, nakan ce ya kai wani wuri. Walda na rufe tsaga daga sama ta bar ta a ƙasa, zafinta kuma ya canza halin ƙarfen da ke kewaye. Haka naɗa waya ko fatar akuya a kan kumburi, wannan kwalliya ce. An sha jin haushina a kan haka, wani har ya ce girman kai ne don na yi aiki da inji. Jika biyu ko uku da zan karɓa ba za su saya wa mutum ido ba.

Kada ka ɗauka masu bindigar kartush sun tsira. Tsofaffin Simplex na kamfanin Manufrance na Faransa da Baikal na Rasha da ke yawo a ƙasar nan ƙarfensu na kirki ne, amma su ma ana kashe su da jahilci. Ɗakin kartush iri-iri ne, akwai milimita 65, akwai 70, akwai 76, a rubuce yake jikin bututu. Tsawon da aka rubuta a kartush na bayan ya buɗe ne, saboda haka mai 76 zai shige ɗakin 70 lafiya lau ya rufe, sai an harba bakinsa ya rasa wurin buɗewa, matsi ya hau. Wanda ya fi wannan haɗari, kartush na kalibar 20, wanda ya fi na 12 siranta, ya ɓuya cikin aljihun mai kalibar 12. In ka jefa shi sai ya zurma gaba ya maƙale, ka buɗe ka ga ɗaki wofi, ka ce ashe ban sa ba, ka ƙara na 12 a bayansa. Masu sake cika kwanson da aka harba su ma suna nan, da hodar da ba su san irinta ba, da gutsattsarin ƙusa ko ƙwallayen bori na moto a madadin dalma. Ƙarfe mai tauri ba ya lotsewa ya bi bututu kamar dalma, gurzarsa yake yi, wani lokaci ya cije. Kuma duk harbin da ka ji ya yi ƙaramar ƙara, "fus" maimakon "daram", tsaya, buɗe, cire kwanso, leƙa bututu ta gindi ka ga haske kafin ka sa wani.

Duk wannan fashewa ce. Amma in gaya maka gaskiya, waɗanda na sani bindiga ta raunata ba tare da ta fashe ba sun fi yawa.

Akwai jinkirin wuta. Ka ja kunama ta ce ƙas, shiru. Albarushin da ya sha laima yakan riƙe wuta yana ci a ɓoye, ya tashi bayan daƙiƙa biyar ko goma, ko fiye. A cikin wannan ɗan lokaci ne mutum ke sauke bindiga ya juyo wurin abokinsa yana cewa "ka ga ta ƙi", ko ya leƙa bakinta. Ka bar ta a kafaɗa, baki na kallon inda ka nufa, ka ƙirga minti guda cur, adaka ma biyu ba su yi yawa ba. Haka wajen sake ɗuri da gaggawa: ɗan garwashin tsumma na iya saura a ciki, ka kafa bakin ƙahon albarushi kai tsaye a bututu, wuta ta hau ta tarar da ƙaho cike a tafin hannunka. A zuba a ma'auni tukuna, a toshe ƙaho, sannan a juye, fuska da yatsu kuma ba sa tsayawa saitin baki.

Sai kunama mai laushi. Maharba na son a goge musu ita da magagari don kada hannu ya girgiza wajen ja. In aka wuce kima, maƙalin da ke riƙe ta ya zama kamar bakin tsohuwar wuƙa, jijjiga kaɗan ta sake. Ka ɗora wannan a kan yadda muke tafiya yanzu: mutum biyu a kan kabu-kabu, bindiga a ɗane a rataye a baya, hanyar Tanut ko ta Gure da ramukanta. Ko a jingine ta jikin gawo a zauna cin tuwo, kare ya gifta ya ture. Ko a jawo ta ta baki daga cikin amalanke, kunama ta sarƙe da igiya. Ko a bi zomon da ya ji rauni a buga masa gindin bindiga, bakinta na kallon cikin mai bugu. Kowanne daga cikin waɗannan na san wanda ya faru da shi. Ba a ɗana bindiga sai an ga nama, in nama ya tafi a sauke.

Farautar gayya kuwa, inda aka haɗa masu kere da gora da karnuka da masu bindiga, nan ne na fi jin tsoro. Ana farawa a jere, kafin a yi nisa layi ya lanƙwashe kamar baka, na gefe sun riga sun shiga gaba ba wanda ya lura. Zomo ya tashi ya karyo baya ta tsakanin mutane, mai bindiga ya bi shi da baki yana juyawa, idonsa na kan zomo kaɗai. Ƙananan dalma na kai mita 200 zuwa 300, manya sun wuce haka, dunƙulalle guda kuwa ya fi kilomita. Ga ƙasarmu da duwatsu, irin manyan nan masu santsi da suka kewaye Birni, dalma na dukan su ta yi tsalle ta canza hanya, haka take yi a kan ruwan tapki in ka harbi agwagwar ruwa a kwance alhali masu wanki ko masu shayar da dabbobi na wancan gefen. Na dare da fitila a goshi ba sai na ja ba. Ido biyu ne ke ƙyalli a duhu, na dila, na ɗan maraƙi, duk ɗaya suke, makiyayin da ke kwance kusa da su kuma ba ya ƙyalli sam. Dokar farauta ta ƙasar nan, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, ta hana farautar dare da ta wuta da ta guba, ta kuma ɗora wa maharbi neman parmi wurin ma'aikatan gandun daji. Wurare irin Termit da Tin Tumma, da aka killace tun 2012, ba wurin zuwa da bindiga ba ne gaba ɗaya.

Harbin biki ma ka sa shi a lissafi. Ranar salla ko ɗaurin aure ana gasar wa ya fi ƙara, a ninka albarushi, a danna tsumma da ƙarfin tsiya, ana cewa ai babu dalma. Babu dalma, amma matsin na nan, tsumman da aka danna kuma a kusa harsashi ne, yana huda fata, yana fasa ido. Bindigogi da yawa a irin wannan rana suke mutuwa, a tsakiyar taro.

In abin ya riga ya faru, Allah ya kiyaye, jini ake fara tsayarwa: tsumma mai tsabta, a danna da ƙarfi, kada a ɗaga ana leƙawa. In hannu ko ƙafa ne kuma jini na tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure tamau daga sama da raunin, a riƙe lokacin da aka ɗaure don a gaya wa likita. Ba a zuba toka, ko ƙasa, ko albarushi, ko man birki. Ba a tonon dalma da wuƙa. Ido kuwa a rufe shi kawai ba dannawa. A nufi asibiti ko da raunin ya yi kama da ƙarami, don tsumma da tsatsa sun shiga nama, ana bukatar wanki da allurar tetanos, cutar nan mai sarƙe haƙora. Tsoron tambayar jandarma ya sa wasu sun ɓoye rauni a gida har hannu ya ruɓe, yatsa biyu suka zama damtse.

Yanzu ta mahaifinku. Tsofaffin maharba da yawa a ɗure suke rataye bindiga saboda ɓarawo ko kura, kuma mai rasuwa ba ya sallama balle ya ce na bar ɗuri. Albarushi baƙi ba ya mutuwa da tsufa, in bai jiƙe ba yana nan da ransa bayan shekara hamsin ma. Kada wani ya ce maka a harba ta sama a huta, wannan shi ne gwada shekara bakwai na tsatsa da zanzaro a kan hannunka. Ɗaure ta jikin itace a ja da igiya daga nesa ya fi, amma ko ta tsallake wannan ba shaida ba ce, harbi na gaba ne ba ka sani ba.

Ka nemi dattijo cikin maharban da suka yi zamani da babanku, ku fitar da yara daga gida, a sauko da ita baki na kallon ƙasa ko katangar ƙasa mai kauri, ba a taɓa kunama, a cire abin tada wuta in yana kai. A yi awon sanda irin na babana, hannu a gefe, kai a gefe. In akwai baƙo, a tsaida ta a cika bututun da ruwa ya kwana ya kashe albarushin, sannan wanda ya iya ya zaro ɗurin da ƙugiya. Ba wuta, ba guduma, ba walda.

Bayan nan, in ka tambaye ni, ka wanke ta, ka shafa mata mai, ka toshe kafar wutar, ka mayar da ita inda take rataye. Gadon uba ce, jikoki su gani. In tiyo ce, ko an ce mini sabuwa ce ba zan sa ta a kafaɗar ɗana ba. In ma tsohon ƙarfen Turai ne, shekarunsa sun isa hutu. Farauta in kana so da gaske, ka fara bin manya da kere da kare shekara guda kana kallon yadda layi ke lanƙwashewa, ka nemi takardun riƙe makami da parmi, don a halin tsaron da ake ciki bindiga marar takarda kaɗai ta isa ta kai ka inda ba ka so, sannan ka sayi mai hatimin gwaji, ka sa wanda ya sani ya leƙa cikinta kafin ka biya.

Guntayen ta wanka kuma ka naɗe su a tsumma yadda suke, kada a goge bakin karayar. Ka tambaye shi a hankali, ba gaban mutane ba, abin da ya ɗura ranar, da ko ya faɗi a hanya, da ko ta taɓa ƙin tashi a safiyar. Mai rauni yakan tuna in ba a tsare shi da ido ba.